Neman shawara: layin waya da abin hawa a Akra da Kumasi cikin damina

Abban Khalil:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san Gana. Cikin watan Yuni in Allah ya yarda zan tashi daga Kano ta Legas zuwa Akra, in ɗan zauna a Nima, sannan in wuce Kumasi wurin ƙanin mahaifina a Aboabo, in leƙa kasuwar goro da ta atamfa. Tafiyar mako biyu ce, kuma ita ce ta farko. Waya ɗaya gare ni mai layi biyu, kuma harkar bankina da WhatsApp ɗin abokan cinikina duk a kan layin Najeriya suke. Shin in tafi da layina kawai tunda can ma akwai MTN, ko sai na sayi nasu? Yaya ake zirga-zirga a cikin gari ba tare da an cuci baƙo ba? Kuma wace mota ce ta fi dacewa zuwa Kumasi? Allah ya saka da alheri.

Mazaunin Nima:
Wa alaikumus salam Malam. MTN na Gana da na Najeriya suna ne kawai ɗaya, lissafinsu daban. Da zarar ka sauka, layinka ya zama baƙo, kuɗin data da na kira za su tashi a farashin ƙetare, har kiran da aka yi maka in ka ɗauka ana iya cire maka. Don haka layi biyu za ka riƙe, kowanne da aikinsa.

Layin Najeriya ka bar shi a cikin wayar don saƙon banki kawai, wato lambar sirrin da ake turowa kafin kuɗi su fita. Tun kana Kano ka tabbatar da kamfanin layinka cewa an buɗe maka shi ya yi aiki a waje, ka zuba masa ɗan kati, ka gwada manhajar bankinka ka ga tana shiga. Kada ka dogara da lambobin da ake dannawa da tauraro don tura kuɗi, sau da yawa ba sa tafiya in an ƙetare iyaka. Kafin jirgi ya tashi ka shiga saitin waya ka kashe datar wannan layin gaba ɗaya. Wasu wayoyin suna da wani maɓalli da ke sauya data daga layi zuwa layi da kansu in ɗaya ya yi rauni. Shi ma kashe shi, don shi ne ke cinye wa mutane kati cikin dare ba su sani ba. In ka sauka layin bai kama ba, ka zaɓi kamfani da hannu daga jerin da wayar za ta nuna.

Layin Gana kuma ka saye shi ranar farko. Kamfanoni uku ne: MTN, Telecel wanda a da ake ce wa Vodafone, da AT wanda a da AirtelTigo ne. Ga mai mako biyu ni MTN zan ce, saboda ya fi yaɗuwa kuma kusan kowane mai shago da direba na karɓar MoMo ɗinsu, wato asusun kuɗi na kan layin waya. 'Yan ƙasa da katin shaidarsu na Ghana Card suke rajista, baƙo kuma da fasfo, kuma ba kowane mai laima a bakin titi ke iya yin ta fasfo ba. Ka je ofishinsu na gaske da fasfonka, da safe kafin layi ya yi tsawo. Kada ka bar wurin sai an yi abu uku a gabanka: an kira lambar ta shiga, an buɗe maka MoMo ka sa lambar sirrinka da hannunka, an sayi data ka ga shafi ya buɗe. Ana sayen data ta *138#, MoMo kuma *170#.

In WhatsApp ya tambaye ka ko za ka sauya lamba, ka ce a'a. Zai ci gaba da aiki da lambarka ta Najeriya a kan datar Gana, abokan cinikinka ba za su ga wani bambanci ba.

Hajiya 'Yar Aboabo:
Ɗana, ƙari a kan abin da Malam ya faɗa: za ka ga yara a Circle, babbar mahaɗar motoci ta Akra, suna miƙo maka layi su ce an riga an yi masa rajista, ka sa kawai. Kada ka karɓa ko kyauta ne. Sunan wani ne a kai. Ranar da aka toshe shi ko ka manta lambar sirri, kuɗin da ke ciki ba ka da hanyar karɓa, domin ofis katin mai sunan za su nema. Haka in ɗan'uwa ya ce zai ba ka aron nasa, ka yi kira da shi amma kada ka tara kuɗin kayanka a ciki.

Yadda ake cire kuɗi wurin mai MoMo: ka ba shi lambarka da katin shaida, kai kuma ka danna *170# ka zaɓi Allow Cash Out, sai saƙo ya faɗo wayarka da adadin kuɗin. Ka karanta adadin da kyau kafin ka sa lambar sirri. Ana cire ɗan lada, kusan kashi 1 cikin 100. Duk wanda ya kira ka ya ce daga ofis yake, ko ya turo maka kuɗi bisa kuskure ka mayar masa, katse kiran ka duba abin da ke asusunka da kanka. Saƙon ƙarya suke turowa mai kama da na gaske.

Sannan ka kula da lissafin tsofaffin 'yan kasuwa. A 2007 aka canza kuɗi, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1, amma har yau a Kejetia, babbar kasuwar Kumasi, akwai iyayen da bakinsu bai saki tsohon lissafi ba. In aka ce maka miliyan ɗaya, sidi 100 ake nufi. Ka sa a rubuta maka adadin a waya kafin ka ce ka saya.

Injiniya Mai Waya:
Ni maganar wayar kanta zan yi. Zafin Kano busasshe ne, na Akra kuwa jiƙaƙƙe, ga iskar teku mai gishiri. Abin da ya fi kawo wa baƙi matsala shi ne ramin caji. Mutum ya fito daga ɗaki ko mota mai sanyin na'ura ya shiga waje, raɓa ta taru a cikin ramin, wayar ta ƙi caji ta ce akwai danshi. Kada ka tura mata tsinke, kada ka hura mata iska mai zafi. Ka girgiza ta a hankali ramin na kallon ƙasa, ka ajiye ta gaban fanka kamar rabin awa zuwa awa ɗaya. Ka riƙe leda mai zif guda biyu, ɗaya ta waya, ɗaya ta fasfo da katin rigakafin shawara, wanda za a nema a filin jirgi.

Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, ƙarfin wutar ma ɗaya, ba ka buƙatar sayen komai. Amma ana ɗauke wuta, su ce dumsor. Ka tafi da fawa bank mai 20,000mAh. Wannan bai kai iyakar da jirage suka sa ba, sai dai dole ya kasance a jakar hannunka, in ka sa shi a akwatin awo za a fitar da shi.

Data kuwa, kiran murya a WhatsApp bai cika cin MB 1 a minti ba, na bidiyo ya kan kai MB 5. In ka hana wayar sauke hotuna da bidiyon zaurukan WhatsApp da kanta, GB 10 zai kai ka gida. Tun kana Kano ka sauke taswirar Akra da ta Kumasi a Google Maps don su yi aiki ba intanet. Wasu za su ce ka sayi eSIM, wato layin da ake saukewa a waya ba tare da kati ba, ta intanet kafin ka tashi. Yana da amfani a sa'o'in farko in wayarka na ɗauka, amma yawancinsu data ce zalla, babu lambar Gana, babu MoMo.

Agogo: Gana na bayan Najeriya da awa ɗaya. Ka duba manhajar salla ta gane sabon gari, in ba haka ba za ta yi ta kira maka lokutan Kano.

Baba Direba:
Daga filin jirgi zuwa Nima babu nisa, in ba cunkoso minti kaɗan ne. Uber da Bolt da Yango duk suna aiki a Akra da Kumasi. Matsalar baƙo ita ce direba kusan kullum sai ya kira ya ji inda kake da inda za ka, in ya ga lambar +234 ba zai kira ba, sai ya soke. Saboda haka da ka samu layin Gana ka sa lambar a manhajar, ka zaɓi biya da tsabar kuɗi, don katin naira ba tabbas ya wuce. A ranar sauka, gara wanda za ka sauka wurinsa ya zo ya ɗauke ka ko ya kira maka motar daga wayarsa. Ka duba lambar mota ta yi daidai da ta manhaja. In direba ya ce ka soke ku yi ciniki a baki, ka ƙi, domin daga nan babu wata shaida cewa ka shiga motarsa.

Tasi na gari za ka gane su da launin ruwan ƙwai a kusurwoyinsu huɗu. Ba su da mita. In ka ce dropping, shata ce, kai kaɗai, kuma a gama ciniki kafin ka zauna. Dabara ita ce ka fara duba farashin a Bolt, sai ka san inda za ka tsaya.

Trotro ita ce bas ɗin talakawa, yaron motar ana ce masa mate. Shi ke kiran unguwa yana alama da hannu, in ka ga yana juya yatsa to Circle za shi. Ka riƙe canji ƙanana, ka gaya masa inda za ka sauka tun kana shiga. Manyan mahaɗai su ne Circle, 37, Kaneshie, Madina da Tema Station. Ba a kwatance da sunan titi, da masallaci ko gidan mai ko mahaɗa ake yi. A Nima da Mamobi da Sabon Zango Hausarka ta ishe ka tambaya.

Yuni shi ne tsakiyar ruwan kudu. In hadari ya haɗu kana Circle ko Kaneshie, ka bar wurin tun kafin ya sauko. Kwari ne, rafin Odaw na cika ya malalo kan titi. A nan Circle ne ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu ranar 3 ga Yuni 2015, mutum fiye da 150 suka rasu. Kada ka taka ruwan da ba ka ga ƙasansa ba, kwatocin a buɗe suke kuma masu zurfi ne. Lambar agajin gaggawa 112.

Kumasi kilomita kusan 250 ce, ta Nsawam, Suhum, Nkawkaw da Konongo. A takarda awa biyar ce, amma fita daga Akra ta Ofankor kaɗai na iya cin awa guda ko fiye. Manyan motocin kamfanin VIP na tashi daga Circle in sun cika, STC kuma na gwamnati ne, yana bin lokaci. A Circle masu jan fasinja za su tare ka tun daga titi, kuma akwai motoci masu suna kama da juna. Kada ka saki jakarka, ka shiga har cikin tasha ka yanki tikiti a taga. Kuɗin kaya daban ake biya, ka tsaya ka ga an sa naka a ciki. Ka ɗauki mai kujera uku a jere, ka riƙe rigar sanyi. Ana tsayawa hutu a hanya wajen Bunso, nan za ka yi alwala.

Mazaunin Nima:
Baba, ni da na ce ya bi motar dare, hanya ta fi sarari, ya wayi gari a Kumasi.

Baba Direba:
Ga wanda ya saba, babu laifi. Ga baƙo cikin damina ban yarda ba. Wurare da yawa hanyar ba a raba ta ba, manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga tashar ruwan Tema zuwa arewa da Burkina da Nijar da dare suka fi bi, ga ruwa, ga hazo wajen duwatsun Nkawkaw. Kuma zai sauka tashar Asafo a Kumasi ƙarfe uku na dare da kaya bai san kowa ba. Ya yi asuba ya kama hanyar tasha, kafin la'asar yana Aboabo. In lokaci ya ƙure masa, akwai jirgin Africa World da na PassionAir, kamar minti 40.

Abban Khalil:
Na gode ƙwarai iyaye da yayye, Allah ya bar zumunci. Saura ɗaya: naira zan riƙo ko dala? Kuma daga Asafo me zan hau?

Hajiya 'Yar Aboabo:
Ka canza dala tun a Wapa, 'yan 100 ko 'yan 50 sababbi marasa tabo, don shagunan canji na Gana sun fi ba su daraja a kan ƙananan takardu. Naira sai wurin 'yan canjinmu na Tudu a Akra ko na zango, kuma farashin ba zai yi maka daɗi ba. Ka canza kaɗan a filin jirgi na mota da abinci, sauran a shagon canji mai lasisi cikin gari, da fasfonka, a ba ka rasit. Rabi ka zuba a MoMo, rabi a jikinka, kuma ka ƙarar da na MoMo kafin ka taso, tunda rajistar baƙo ta ɗan lokaci ce.

Daga Asafo zuwa Aboabo kusa ne. Akwai keke mai ƙafa uku da muke ce wa pragya, amma da akwati gara ka ɗauki shatar tasi. In kun wuce Konongo ka kira baffan naka, in kun iso Ejisu ka sake kira, ya aiko yaro ya tsaya maka a tasha.