Taƙaitawa: shawarwarin da aka bayar kan auren mangwaro

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar tattaunawar da aka yi kan yadda ake auren mangwaro, wato ɗora reshen wani mangwaro a kan gindin wani don su haɗe.

1. Kowa ya yarda gindin ya zama mangwaron gida da aka shuka daga ƙwallo, kaurinsa kamar fensir. Reshen da za a ɗora a yanko shi ranar aikin, daga bishiyar da aka san daɗin 'ya'yanta. Wuƙa mai kaifi, yanka ɗaya.

2. Ɓawo ya haɗu da ɓawo, ko da gefe ɗaya ne, a naɗe tamau da leda.

3. Jira, nan aka fi daɗewa. Yawanci toho yana fitowa cikin mako 2 zuwa 4. A bar shi a inuwa, kada a riƙa kwancewa ana leƙawa. Muddin reshen kore ne, da sauran rai. Duk tohon da ya fito ƙasan ɗaurin a tsinke shi, yana shanye ƙarfin gindin. Wannan ne ya kashe min nawa bara.

An rabu kan lokaci: wasu sun ce farkon damina, wasu na tsoron ruɓewa, sun fi son bayan sanyin hunturu. Kwance leda ma haka, wasu mako 6, wasu sai ganyen ya ƙosa.