Wa'azin bidiyo da azuzuwan yara: shawarwarin da aka tattara

A zaman da wasu malaman Makarantar Lahadi da dattawan ikilisiya suka yi a Sakkwato, maganar bidiyo ce ta fi cin lokaci. Kusan kowa ya yarda a riƙa nuna wa'azi a majigi jefi-jefi, amma ba a madadin fasto ba. Wata Mama daga zumuntar mata ta ce mai wa'azin cikin allo bai san wanda aka yi wa rasuwa ba, balle wanda ke kwance a asibiti.

An tsaya a kan kada bidiyo ya wuce minti 15, kuma fasto ya fara kallonsa shi kaɗai. Da yawa daga Amurka ko Legas suke fitowa, da Turanci, wasu kuwa ba abin da ke ciki sai alkawarin arziki. Bayan an kalla, a yi bayani da Hausa, kowa ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya duba ayoyin da idonsa. A sauke bidiyon a waya tun Asabar, a tanadi man janareta, domin a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, in fanka ta tsaya hankalin yara ya tafi ke nan.

Batun azuzuwa bai ja gardama ba. 'Yan ƙasa da shekara 7 waƙa da labari, zuwa 12 haddar aya. Matasa ne aka fi daɗewa a kansu, kuma ni ma nan na fi ganin gibi: a ware musu nasu darasin kan waya, jarrabawar WAEC, neman aure, da zama lafiya da maƙwabta Musulmi.