Sunan Hausa ga "regulatory domain": ni na tsaya a kan "hurumin zango"

Jama'a, ku taya ni. Ina fassara bayanin saitin Wi-Fi na waya, na zo kan abin da Turawa ke kira "regulatory domain", sai alƙalami ya tsaya cak. Kwana biyu ina jujjuya kalmar. Bari in fara faɗin abin da take nufi, kada mu raɗa wa jariri suna ba mu ga fuskarsa ba.

Ɗan guntun da ke sarrafa Wi-Fi a cikin waya yana iya magana a tashoshi fiye da waɗanda kowace ƙasa ta yarda da su. A zangon gigahaz 2.4, Amurka galibi tasha 1 zuwa 11 take amfani da su, Turai 1 zuwa 13, Japan kuma ta ƙara ta 14, ita ma ga tsohon tsarin 802.11b kawai. Ƙarfin ma an ƙayyade shi: a Turai kada ya wuce miliwat 100 a wannan zango. Don haka waya tana ɗauke da jadawali a cikinta: ga ƙasa, ga tashoshin da aka halatta, ga iyakar ƙarfi.

Yaya take sanin inda take? Turken sadarwa yana aiko da lambar ƙasa, 208 Faransa, 440 Japan. Na'urar da ke rarraba Wi-Fi (router) ma tana iya shelanta haruffa biyu na ƙasarta, bisa tsarin 802.11d. Idan duk ba ta samu ba, a na'urori masu aiki da babbar manhajar Linux sai ta koma layin da aka yi wa lamba 00, na taka-tsantsan: a tashoshin da ake shakka ba ta fara magana, sai dai ta kasa kunne. To, wannan layi ɗaya na jadawalin, da dokokin da ke cikinsa, shi muke nema wa suna.

Na fara rubuta "ƙasa" kawai. Bai zauna ba, tunda 00 ba ƙasar kowa ba ce, kuma ƙasashen Tarayyar Turai da yawa dokarsu kusan ɗaya ce. Wani ya kawo "yankin doka". Ba laifi, amma wace dokar? Ta haraji ma yanki gare ta. "Iyaka" kuwa layin gefe ce, mu abin da ke ciki muke so. Wanda ya ce "lasisi", Malam, ka yi haƙuri, wannan zai ɓatar da mai karatu: zangunan Wi-Fi ai ba a yankar musu lasisi, kowa ya shiga in dai ya bi sharaɗi.

Sai "hurumi" ta faɗo mini. Ku duba yadda muke amfani da ita. Hurumin gari fili ne da aka keɓe, an san farkonsa da ƙarshensa, ba kowa ke yin abin da ya ga dama a ciki ba. Kuma alƙali yana cewa wannan shari'a ba hurumin kotunsa ba ce. Wuri da iko a kalma ɗaya, abin da "domain" ɗin ke ɗauke da shi ke nan.

Har wani abu ta ba ni da ban nema ba. A wasu tashoshin gigahaz 5, na'urar rada (radar, mai hango jirage da hadari) ce mai gida, Wi-Fi baƙo ne. Kafin na'urar Wi-Fi ta yi magana a can sai ta saurara na daƙiƙa 60, a tashoshin radar hasashen yanayi a Turai ma har minti 10. In ta ji rada, cikin daƙiƙa 10 ta tattara ta bar tashar, ba ta dawowa sai bayan minti 30. Da Hausa: ta shiga hurumin wani, ta ji mai shi, ta fita. Ba sai an ƙara bayani ba.

Rabi na biyun ne ya fi ba ni wahala. Na gwada "hurumin igiya", saboda igiyoyin rediyo, na karanta da ƙarfi sai na ji kamar ana maganar aure. Na ajiye. "Zango" kuwa kunnen mai sauraron rediyo ya saba da ita tun daga gajeren zango da matsakaicin zango. Na san masu ilimin fanni za su ce zango tsawon igiya yake nunawa, da mita ake auna shi, shi kuwa jadawalin da megahaz aka rubuta shi. Gaskiya ne. Amma fuska biyu ce ta abu ɗaya, wanda ya san ɗaya ya lissafa ɗayar, kuma mai waya ba zai ruɗe ba.

Abin da ya sa na ƙara riƙe "hurumi" shi ne ana faɗaɗa shi, ana rage shi, kuma nan ne duk wahalar masu ƙera waya take. A watan Afrilun 2020 hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe wa Wi-Fi megahaz 1200 a zangon gigahaz 6. Tarayyar Turai a 2021 ta buɗe 480 kawai. Waya ɗaya, a Amurka fili fetal, a Turai ƙasa da rabinsa, a ƙasar da ba ta buɗe ba kuma ko leƙawa ba ta yi. Ranar da aka buɗe, ba sai an kwance wayar ba, in dai guntun nata yana iyawa. Sabunta manhaja ke kawo sabon jadawali. Shi ya sa a Linux ake sa wa jadawalin hatimin sirri, don kada kowa ya faɗaɗa wa kansa hurumi.

Ragewa ma an gani, ko da yake ta wata ƙofar ce. A Satumbar 2023 hukumar zanguna ta Faransa ta dakatar da sayar da iPhone 12, saboda ta auna ƙarfin da jiki ke sha daga wayar in tana hannu ko aljihu ta sami wat 5.74 a kilo, alhali iyakar Turai ga gaɓoɓi 4 ce. Apple ba ta janye wayoyin ba, manhaja ta sabunta ta rage ƙarfin ga masu ita a Faransa.

Na gwada kalmar a jimlolin da za su fito a allon waya: "Ba a gane hurumin zango ba, an rage tashoshi." "An sabunta hurumin zango." "Tasha 13 ba ta cikin huruminka." Ta ukun ce ta fi yi mini daɗi, don "zango" ta faɗi da kanta kuma ma'ana ba ta ragu ba.

Jam'in ne ban gama da shi ba. Baki yana so ya ce "hurumai", ni kuma a rubuce na fi sakewa da "hurumin zango na ƙasashe". Malaman nahawu, wanne za mu ɗauka?