Ta ina ake fara kwalliyar bishiyar Kirsimeti?

Maman Tagwaye:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Bishiya mai tsawon mita biyu, ƙwayayen fitila nawa take ci? Me ake fara sawa, fitilu ko ƙwallaye? Me ke sa rabin igiyar fitila ya mutu alhali ɗaya rabin yana ci? Sannan gidan da akwai ƙananan yara, yaya za a sa su cikin aikin ba tare da an kwashi ɓarna ba?

Mai Gyaran Wuta:
Yaya, fitilu ake fara sawa, kuma a kunne ake naɗa su don ki riƙa ganin inda ya yi duhu. Ma'aunin da aka saba shi ne ƙwai 100 ga kowane santimita 30 na tsawo, wato wajen 600 zuwa 700 ke nan. Wanda ba ya son haske da yawa 400 ma sun ishe shi. Ki fara daga ƙasa, kusa da soket. Kada ki zagaye bishiyar ta waje kamar ana ɗaure dami. Ki bi reshe ki shiga har kusa da kututture, ki dawo baki, ki koma na gaba. Haka hasken zai fito daga ciki, wayar kuma ta ɓuya.

Batun rabi ya mutu: a jere ake haɗa ƙwayayen, rukuni-rukuni. Ƙwan da ya ƙone sau da yawa ba ya kashe saura, domin akwai 'yar siririyar waya a cikinsa da ke wuce da wutar. Wanda ya yi sako-sako a mazauninsa shi ne mai laifi, shi ke yanke rukunin gaba ɗaya. Ki zare fulogi, ki bi su ɗaya bayan ɗaya kina dannawa. Idan igiyar duka ce ta ƙi kamawa, a duba fis ɗin cikin fulogi.

Fitilun tsohon yayi masu zafi, kada a jona fiye da igiya uku baki da baki. Na LED ba sa zafi sosai kuma wutar da suke ci kaɗan ce, amma su ma a karanta adadin da aka rubuta a kwalin. A kuma duba ƙarfin wutar: wanda aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, in aka soka shi a 230 nan take zai ƙone. Waya mai tsagewa ba a naɗe ta da salatif, jefarwa ake yi.

Gwaggon Yara:
Kafin fitilun ma akwai aiki, 'yata. In ta roba ce, bayan an haɗa sassanta sai a zauna a buɗe rassan ɗaya-ɗaya daga ƙasa, kowane ɗan reshe a tanƙwara shi gefe daban. Zai ci kusan awa guda, kuma nan mutane ke yin ha'inci, daga baya su ce bishiyar ta rame. A sa ta a kusurwa, aƙalla mita ɗaya daga kyandir ko duk wani abu mai zafi, ba a bakin ƙofa ba. A ɗaura siririyar igiya mai ƙwari a sama da tsakiyar kututturen zuwa ƙusa a bango, saboda yaro mai rarrafe ja yake yi.

Bayan fitilu sai igiyoyin ƙyalƙyali, sannan manyan ƙwallaye a can ciki inda reshe ya fi ƙarfi, ƙananan a baki-baki. Mai nauyi a bakin reshe lanƙwasa shi yake yi ya zame. Na gilashi su hau sama. Rassan ƙasa na yara ne: a ba su na ƙyalle, na takarda da na katako masu madaukin zare, ba ƙugiyar ƙarfe ba. Za su tara guda shida a reshe ɗaya, ki ƙyale su. In kika bi baya kina gyarawa a gabansu, baɗi ba za su zo ba.

Abin da ke mayar da shi al'adar gida shi ne maimaitawa. Gidaje da yawa kan ba kowane yaro abin ratayawa guda a shekara, a rubuta sunansa da shekarar a ƙasa, ranar da zai kafa nasa gidan ya tafi da kwalinsa. Tauraron ƙoli kuma autan gida ake ɗagawa ya sa, ko a riƙa karɓa-karɓa don gudun rigima. Ki kula da kayan ado masu ɗan batir mai kama da maɓalli, haɗiye shi na iya ƙona maƙogwaron yaro cikin awa biyu.

Ɗan Lambu:
Idan ɗanya ce aka saro, a yanke santimita biyu daga gindin kafin a tsoma a ruwa, don ƙaro kan toshe wurin cikin 'yan awoyi. Tana iya shan lita ɗaya a rana ga kowane santimita biyu da rabi na kaurin kututture. Ruwa zalla, ba sai an zuba komai ba. Ya sauka ƙasa da yankan sau ɗaya, ta daina sha ke nan, kuma busasshiyar bishiya cikin daƙiƙoƙi take kamawa da wuta. Mako huɗu take yi da kyau.

Maman Tagwaye:
Na gode ƙwarai. To yaushe ake kafawa, yaushe ake saukewa?

Gwaggon Yara:
Da yawa suna kafawa ranar Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, su sauke 5 ko 6 ga Janairu. Masu ajiye siffar komin dabbobi da aka kwantar da jariri Yesu a ciki, al'adar da ake dangantawa da Waliyyi Faransis na Asisi a 1223, sukan bar komin ba kowa sai daren 24 ga Disamba su sa siffar jaririn, siffofin masanan gabas da suka ziyarce shi kuma sai 6 ga Janairu ake sa su. Wajen saukewa, kowace igiyar fitila a naɗe ta a jikin ɓallin kwali nata daban, a liƙa takarda a kan wadda ta fara ba da matsala.