Yadda mutum ke ɓacewa cikin taro a ƙagaggun labarai

Jama'a, ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar marubutanmu na nan Katsina.

1. Kusan kowa ya yarda cewa suna ne ke fara ɓacewa. Da taro ya ɗau zafi, sai marubuci ya daina ambaton wane da wane, labari ya koma "aka bi shi, aka kama shi".

2. Misalin da aka fi daɗewa a kai shi ne ihun "ɓarawo!" a kasuwa. Shawarar da aka bayar: kar a tsaya kan yawan jama'a, a zaɓi mutum ɗaya. A nuna mai shayin da ya ba yaron da ake zargi ruwa da safe, ga shi yanzu riƙe da faskare, bai ma san abin da aka sata ba. A bi shi har gida, a ga yadda tuwon dare ya gagare shi. Wannan ta fi shiga raina.

3. An rabu a nan. Wasu sun riƙe ra'ayin wani masani Bafaranshe, Gustave Le Bon, na 1895, cewa taro kan shafe hankalin mutum. Wasu suka ce a'a, a dubi Hawan Sallah a Ƙofar Soro, wato gaban fadar Sarkin Katsina: cunkoso iya ganinka, amma kowane hakimi da tawagarsa, maroƙa na kiran suna da asali. Ina tare da na biyun.

4. An kuma ja kunne: kar a mayar da jarumi shi kaɗai ne mai hankali, a bar shi ma ya ji taron na jan sa.