Za a yi gini a kan gonar gwajinmu: in tsaya ko in tafi?

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 11 a sashen binciken noma na wata jami'a, kuma sashen da na tarar ba shi ne na yau ba. Da can a gona muke wuni. Yanzu a gaban kwamfuta muke wuni muna neman tallafin bincike, wanda galibi shekara uku ya ƙare. Dattawan da suka koya mana aiki duk sun yi ritaya, ba a maye gurbinsu ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne gonar gwajin da malamina ya kafa shekara 26 da suka wuce. An yanka ta fegi-fegi: wannan takin zamani zalla, wancan takin dabbobi, wani a haɗe, wani ba a zuba masa komai. Ya damƙa min ita da littattafan awon da ya rubuta da hannunsa. Yanzu hukuma ta ce za a gina ɗakunan kwanan ɗalibai a wurin, a ba mu wani fili. A daidai wannan lokaci kuma wata cibiya ta yi min tayin aiki mai albashi mai kyau. In tsaya in kare gonar, ko in kama gabana?

Farfesa mai ritaya, masanin ƙasar noma:
Wa alaikumus salam. Ɗana, fara fahimtar da hukumar cewa wannan gona ba ta musanyuwa. Darajarta tana cikin ƙasar da ta yi shekara 26 ana yi mata abu ɗaya. Ruɓaɓɓen ganye da saiwa da ke ba ƙasa ƙarfi a hankali suke ƙaruwa ko raguwa, gwajin shekara uku da ƙyar yake nuna bambanci. Ranar da kuka koma sabon fili, lissafi ya koma shekarar farko.

Ka ba su misali. A cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, wasu masana biyu, Lawes da Gilbert, sun fara gwajin taki a gonar alkama ta Broadbalk a 1843, har yau ana nomanta. Samfurin ƙasa da hatsin da suka riƙa adanawa a kwalabe, daga baya masana suka yi ta amfani da shi wajen bin sawun gurɓatar muhalli, tambayar da ko a mafarki waɗanda suka fara aikin ba su yi ta ba. A Jami'ar Illinois ta Amurka kuma akwai gonar Morrow tun 1876. Gine-gine sun cinye mafi yawanta, fegi uku suka rage daga goma. Amma da aka tashi gina laburare kusa da ita, a ƙarƙashin ƙasa aka gina shi, gonar ba ta shiga inuwa ba. Ka ga ana rasawa, ana kuma ceton wani abu. Ni dai ba na son ka tafi kafin ka gwada.

Malama, mai binciken inganta iri:
Baba ya yi gaskiya, Allah ya ƙara masa lafiya, amma Dakta bari in tambaye ka: maƙala nawa aka wallafa daga gonar nan a shekara biyar da suka wuce? Ɗalibai nawa suka yi digiri a kanta? In amsar babu ce, to a idon hukuma fili ne kawai da ciyawa, su kuwa ɗalibai suna buƙatar wurin kwana da gaske. Kada ka je musu da zancen amanar malami, ka je da lissafi.

Tun daren yau ka fara ɗaukar hoton littattafan nan shafi-shafi, ka shigar da alƙaluman a kwamfuta, ka ajiye kwafi a wuri uku. Gara ko ɗigon rufi kaɗai sun isa su gama da su kafin ma magina su iso. Sannan ka nemi ƙwararre a ƙididdiga ku fitar da maƙala ɗaya mai ƙarfi. Ka jawo 'yan sashen nazarin yanayi su ma, don amfanin gona na shekara 26 gefe da gefe da awon ruwan sama abu ne da suke nema ruwa a jallo.

Wani ɗan uwa:
Ni dai karɓi aikin nan. Kana da iyali, kuma ba kullum ake samun irin wannan tayi ba. Amana ba ta ce ka tsufa a wuri ɗaya ba.

Tsohon ma'aikacin gona:
Ranka ya daɗe, ko tsayawa ko tafiya, ka ɗebi ƙasar kowane fegi tun yanzu, ta sama daban, ta ƙasa daban. A shanya a inuwa ta bushe, a tankaɗe, a rufe a kwalba, a rubuta lamba ciki da waje. Ka kuma zauna da leburorin da suka daɗe a wurin. Su suka san shekarar da ruwa ya kwanta a wane fegi, da shekarar da aka yi kuskuren zuba taki, abin da ba lallai ya shiga littafi ba. In akwai tsofaffin iri a rumbunku, a gwada tsirarsu, a busar sosai, a sa a firiza. Ma'aunin sanyin manyan rumbunan iri irin na Svalbard a Norway digiri 18 ne ƙasa da sifili.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, tambayarki ta taɓa ni: maƙala ɗaya ce tak, ɗalibi kuma babu. Laifin nan namu ne. Na duba littattafan jiya, na shekara biyu sun ɓace, gobe zan je gidan malamina ko suna wurinsa. Cibiyar kuma na roƙe su wata uku kafin in ba da amsa. Baba, in hukuma ta yarda ta bar mana rabin gonar kawai, waɗanne fegi zan riƙe?

Farfesa mai ritaya:
Wanda ba a zuba wa komai shi ne na farko, don da shi ake auna sauran. Sai na takin zamani zalla, da na haɗin. Ka tabbata ka riƙe aƙalla fegi uku na kowanne daga cikinsu, kuma ka nemi tazara tsakaninsu da ginin saboda inuwa da ruwan da zai riƙa kwararowa daga rufi. Turo min taswirar gonar in gani kafin ka shiga wurin shugaban tsangaya.