Neman kalma: yaya za mu kira aikin gwiwa da ake yi ta 'yar huda?

Mai Shirin Lafiya: Salamu alaikum jama'a. Gobe da ƙarfe 9 na safe zan naɗi shirin rediyo, baƙona likitan ƙashi ne. Batun shi ne aikin nan da ake yi wa gwiwa ba tare da an buɗe ta ba, wanda Turawa ke ce wa keyhole surgery, likitoci kuma su ce arthroscopy. A takardata na rubuta "ƙaramar tiyatar gwiwa", amma raina bai kwanta ba. Zan yi ta maimaita kalmar cikin minti 30, don haka ina son wadda ba za ta sarƙe mini harshe ba. A taimaka kafin dare.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Tiyatar kafar makulli. An gama.

Tsohon Edita: Hajiya, da saura. Rabin masu rubutu a waya ba sa sa wa haruffa lanƙwasa, kafa da ƙafa duk ɗaya ne a wurinsu, ga shi kuma gwiwa a ƙafa take. Sai wani ya aiko yana tambaya yaushe makulli ya yi ƙafa. Ni dai tiyatar kamara.

Likitan Ƙashi: Malama, kafin a zaɓa, ki soke "ƙaramar" ɗin nan. Hudar ce ƙarama, aikin ba dole ne ya zama ƙarami ba. Ana yin huda biyu ko uku a gaban gwiwa, kowace ba ta cika wuce santimita 1 ba. Ta ɗaya a zura wani siririn bututu mai kaurin milimita 4, da fitila da kamara a jikinsa. A tura ruwan gishiri ya buɗa gaɓar, hoto ya fito a allo. Ta ɗayar hudar a shigar da kayan aiki. Da haka ake ɗinke ko a datse guringuntsin nan mai siffar jinjirin wata da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, a ciro ɓallin ƙashi ko na guringuntsi da ke yawo yana maƙale gwiwa, har a sake dasa jijiyar tsakiyar gwiwa da 'yan ƙwallo ke yawan tsinkawa. Wannan na ƙarshen, mutum yakan yi wata 9 ko fiye kafin ya koma fili. Wa zai ce masa ƙaramin aiki aka yi masa?

Nas a Bakin Aiki: Su marasa lafiya ai sun riga ku raɗa suna. "Aikin lesa" suke cewa, wato da hasken nan mai ƙarfi da ke yanka, wasu kuma "tiyata ba yanka". Sai sun farka sun ga ɗinki ɗaya ko biyu a kowace huda su fara tambaya.

Likitan Ƙashi: Duka biyun a bar su. A aikin yau da kullum ba lesa ake amfani da ita ba, kuma ana yanka fata, ana yin allurar barci ko ta baya.

Malam Nahawu: Ina ta karantawa ina girgiza kai. Tiyata, kamara, lesa. Wai nan Hausa ake nema! Tiyata ma sunan ɗakin aiki ne a Ingilishi, muka ɗauko muka liƙa wa aikin, alhali muna da fiɗa tun kaka da kakanni. Shi kansa sunan da likitoci ke taƙama da shi Girkanci ne, gaɓa da dubawa aka haɗa. Bajamushe ya ƙera nasa daga madubi da gaɓa, Bajapane ma haka, Balarabe ya gina nasa daga nazara, wato dubawa. Mu ne kullum 'yan aro. Ga tawa: na'urar sunanta maleƙi, a ma'aunin mabuɗi da madubi da magogi. Aikin kuma fiɗar maleƙi.

Uwar Biyu: Allah ya gafarta Malam, ka ce wa tsohuwa za a yi wa gwiwarta fiɗa ka gani ko za ta kwana a asibitin.

Malam Nahawu: Likitan fiɗa fa? Ba ku taɓa ji ba?

Tsohon Edita: Mun ji, mun ma buga. Amma Malam, "na'ura" da ka rubuta yanzu Larabci ce. Allurar da Likita ya ambata ita ma daga can ta zo. Aron Larabci halal, na Ingilishi haram?

Malam Nahawu: Wancan aro ya yi ɗaruruwan shekaru ya narke. Naku ɗanye ne. Kuma ku 'yan jarida ku kuka lalata mana harshe da gaggawa.

Tsohon Edita: Mu da gaggawarmu aka san mu. Ku kuma kalmominku nawa suka fita daga aji suka shiga bakin mutane?

Mai Shirin Lafiya: Don Allah iyayena, lokaci.

Ɗalibar Fassara: Malam, maleƙi ya burge ni, sai dai akwai tarko. In aka ɗaga murya a gaɓoɓin kalmar uku duka, kayan aiki ne. In ta tsakiya ta faɗi, ya koma mutum mai leƙe, kamar maɗinki da maƙeri. A rubuce kuwa ba mai bambancewa. "Likita ya shigo da maleƙi" na iya sa a tambaya wa ya ba shi izinin shiga. Me zai hana mu bi sawun wankin ƙoda, mu ce wankin gwiwa? Ai ruwa ake turawa.

Likitan Ƙashi: A'a, wannan kam ina roƙo kada ya fita a rediyo. Duk cikin shawarwarin shi ne ya fi daɗin faɗa, shi ne kuma zai fi yin ɓarna. Mafi yawan masu sauraron da gwiwa ke damu manya ne da guringuntsinsu ya zaizaye saboda shekaru da nauyi. In suka ji "wanki", za su ɗauka datti ne a ciki, a ɗauraye a huta. An gwada. A 2002 aka fitar da sakamakon wani gwaji a Houston ta Amurka, mutum 180 masu irin wannan zaizaya. Wasu aka wanke musu gaɓar, wasu aka wanke aka kuma kankare, wasu kuma fatar kawai aka tsaga aka ɗinke, ba su san ba a shiga ciki ba. Aka bi su shekara 2, waɗanda aka yi wa aikin gaske ba su fi sauran samun sauƙi ba. A 2013 aka yi makamancinsa a Finland da mutum 146 da guringuntsin jinjirin watan ya yage musu don tsufa, sakamako ɗaya. Shi ya sa yanzu ake fara tura irin waɗannan wajen motsa jiki da ƙarfafa naman cinya da rage ƙiba. Inda aikin ke da amfani shi ne rauni: gwiwar da ta maƙale ta ƙi miƙewa, jijiyar da ta tsinke, ko gaɓar da ta yi mugunya, wadda ita kam wanke ta ake yi da gaggawa. Sunan ya faɗi yadda ake shiga, kada ya yi alkawarin warkewa.

Ɗalibar Fassara: Na janye wanki. To jijiya fa, Likita? Ta jini jijiya, ta laka jijiya, mai ɗaure ƙashi da ƙashi ma jijiya.

Mai Shirin Lafiya: Ƙanwata, wannan faɗan a ajiye shi sai wani makon.

Malam Nahawu: Tunda Likita ya ce sunan ya faɗi yadda ake shiga, ai maganata ce. Leƙawa aka fara yi kafin komai. Kenji Takagi a Tokyo, 1918, da abin duba mafitsara ya leƙa gwiwar gawa. Sai a 1962 ɗalibinsa Masaki Watanabe ya datse guringuntsin da ya yage ta wannan hanya. A lokacin ido suke ɗorawa a bakin bututun, ba allo ba kamara. Ku sa wa abu sunan kamara, alhali ya girme ta a wannan aiki.

Tsohon Edita: Tarihin daidai ne, Malam. Amma shirin na gobe ne, kuma gobe allo likita zai kalla.

Nas a Bakin Aiki: Ni da nake yi wa mutane bayani kullum, "huda" suke saurin ganewa. Na ce za a yi 'yar huda nan da nan, in nuna gefe biyu na ƙasan ƙoƙon gwiwa, shi ke nan hankali ya kwanta.

Uwar Biyu: To tiyatar huda mana.

Ɗalibar Fassara: Gajera ce, kuma za ta yi wa ta ciki da ta kafaɗa: tiyatar huda ta gwiwa, tiyatar huda ta ciki.

Likitan Ƙashi: Zan iya zama da ita, in dai an yi bayani a karon farko.

Mai Shirin Lafiya: Ga abin da na rubuta: "Tiyatar huda, wato aikin da likita ke yi a cikin gwiwa ta 'yan hudoji biyu ko uku, yana kallon hoton kamara a allo." Daga nan sai in riƙa cewa tiyatar huda kawai. Bututun kuma zan kira shi maleƙin gaɓa sau ɗaya, in ji abin da masu kira za su ce. Na gode ƙwarai.

Tsohon Edita: Na ci amanar kamarata, amma na sa hannu.

Malam Nahawu: Ni ban sa ba. Tiyata tana nan daram, fiɗa an kore ta ba laifin tsaye ba na zaune. Sau ɗayan da kika ba maleƙi na karɓa, amma ki ɗaga muryar har ƙarshe. Ƙarfe nawa ake sa shirin?